Jafaru Ɗan Rakiya da Ɗigon Meziko

Wanda ya ga Jafaru ɗan rakiya a yau, da farin gemu da taurin kai irin na tsohon jaki, ba zai yarda an taɓa kayar da shi a gardama ba. To an taɓa. Ni na kayar da shi, a gaban mutum sama da ashirin, na kuma raba shi da hularsa. Taubashina ne, ni 'yar namiji shi ɗan mace, don haka duk abin da na faɗa a kansa ina da hurumi. Wanda abin bai yi wa daɗi ba ya je ya sake mana dangi.

Shekarar da aka ba mu jihar Katsina ce, ko mai bi mata. Jafaru yana saurayi, ɗan lodi ne a siton Dabo, wani ɗan kasuwar hatsi a Kankiya, wanda lokacin ko Makka bai je ba balle a ce masa Alhaji. Aikin Jafaru shi ne ɗaure igiya in an gama ɗora buhuna a mota. Bai taɓa wuce Funtuwa ba, amma ya haddace hanyar Ikko a bakin direbobi, gari bayan gari, har ya ƙago wani lissafi nasa. Ka gaya masa sallar da mota ta tashi a bayanta, shi kuma ya gaya maka inda take yanzu. Mutane suna ta mamaki. Ba mai iya ƙaryata shi, tunda ba wanda ya je ya gani.

Rannan ana suna a gidansu a Tafashiya. Ni kuwa na taso daga Gidan Mutum Ɗaya, mararrabar da motocin Kano da na Funtuwa suke rabuwa, inda nake da rumfar tuwo har gobe. Na tarar da shi a ƙofar gida, ya kafa sabuwar hula a gaban goshi, ya tara maza yana ba su karatu.

"Motar Jaji direba da muka ɗora wa wake shekaranjiya," in ji shi, ya ɗaga kai ya auna rana, "yanzun nan tana hawan gadar Jebba."

Na aje ƙwaryata. "Wace Jebba?"

"Jebba nawa kika sani, Mairama? Shige ciki wajen mata, wannan maganar ta waɗanda suka san duniya ce."

"Ikon Allah," na ce. "Ashe bayan rumfata Jebba take. Shekara uku ina watsa ruwan wanke-wanke a Jebba, ba wanda ya gaya mani."

Aka fara dariya. Na ce motar Jaji kwananta biyu a bayan rumfata, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta, shi kuwa Jaji yana ƙauyen Ƙofa wajen wata bazawara, ko da safen nan a wurina ya ci ɗumame. Jafaru ya ce ƙarya nake, mai tuwo ina ta san bambancin wannan mota da waccan. Ya rantse da abin da ya kamata da wanda bai kamata ba. Ya ɗauki tsinke ya zana hanyar a ƙasa, ga Tegina, ga Mokwa, ga kogi. Yana cikin zana gadar aka yi sallama. Jaji ne a kan keken aro, da sabon aski da ƙamshin turare, ya ji ana suna ya biyo karɓar goro. Tayar kekensa a kan Mokwa ta tsaya.

Na fizge hular, don ta halatta gare ni. Na yi gammo da ita wata biyu, daga baya kazata ta yi ƙwai a ciki.

Wani in an yi masa haka sai ya daina maganar motoci. Jafaru washegari wajen Dabo ya nufa. Ya ce daga yau ba zai ƙara faɗin inda kaya suke ba sai in suna ƙarƙashin mazaunansa, a ɗora shi a mota ta gaba. Dabo, wanda wakensa ya kwana biyu yana jiran zawarci, bai yi musu ba. Haka Jafaru ya zama ɗan rakiya, wato mutumin da mai kaya yake ɗorawa a saman lodi, ya bi shi har inda za a sauke, ya zame masa ido.

Shekara talatin da biyar ya yi a saman tamfol. Ba ya shiga gaba wajen direba ko an roƙe shi. Ya ce in ya zauna gaba kayan suna bayansa, to gilashi zai yi wa rakiya? Yana da ƙulli nasa na daban a igiya, in wani ya kwance ya mayar, da kallo ɗaya zai gane. Iskar hanya ta cinye masa kunnen hagu, don haka in za ka zage shi sai ka zaga ta dama. Ruwan kudu ya dake shi, ranar arewa ta gasa shi, har ya koma kamar kilishin da aka manta a kan zana. Matarsa Fatsuma takan ce ita baƙo ta aura, mai zuwa kawo wanki. 'Ya'yansa shida, huɗu yana hanya aka haife su, labarin ɗaya ma a Ilori ya ji shi, a bakin wani direban albasa.

Da farko ta bakin direbobin da suke dawowa yake aiko da labari: ku ce wa Dabo mun wuce Tegina lafiya, taya ɗaya ta fashe. Saƙon ya iso bayan kwana biyu, ya sha gishiri a hanya, taya ɗaya ta zama uku. Da wayar hannu ta zo sai ya riƙa kira bayan kowace salla, magana uku kawai: inda suke, lafiyar kaya, halin direba. Ba a taɓa kama shi da ƙarya a ko ɗaya daga cikin ukun ba. Ni ce shaida, don na nema.

Amma babban jarin Jafaru hanci ne. Allah ya ba shi shi da yalwa, in ya juyo gefe sai ya tare maka rana. Tun muna yara nake cewa in an zo rabon gado a ba shi gona ɗaya, a ba hancin ɗaya. Da shi yake aiki. Ya bi ta gefen buhu ya ce waken nan ƙwari sun shige shi, a farke a tarar haka ne. Wata shekara motarsu ta lalace a Mokwa, aka kawo wata za a juye kayan a ciki. Ya leƙa ya ce wannan ta ɗauki busasshen kifi a satin nan, masarar Alhaji ba ta shiga. Direban ya ce ai an wanke ta. Ya ce ko da kogin Kwara aka wanke ta bai yarda ba. Kwana uku ya yi zaune a kan buhuna a bakin titi har aka samo wata.

Sai kasuwar zoɓo ta buɗe. Zoɓon nan da muke yafawa a gefen gona don kada iyaka ta ɓace, ashe akwai wata ƙasa a bayan teku, Meziko, inda suke shansa kamar ba gobe. Dabo, wanda yanzu ya je Makka har sau uku, ya shiga saye a kasuwannin Kusada da Ingawa yana tarawa a sito. A kai Ikko a tsince, a zuba a kwantena, a ɗora a jirgin ruwa. Ɗansa Abdullatif, da ya yi karatun kasuwanci a jami'a, shi ya karɓi ragamar wannan ɓangaren. Mutumin kirki ne, ina faɗa tun yanzu, magidanci mai 'ya'ya biyu, yana gaida na gaba da shi. Aibinsa ɗaya: duk abin da bai fito a gilashin wayarsa ba, a wurinsa bai faru ba.

Mai sayen na Meziko ya kafa sharaɗi. Yana so ya riƙa ganin inda kayansa suke a kowane lokaci, tun daga ƙofar sito a Kankiya har su sauka a gabansa. Aka aiko da wata 'yar na'ura, girmanta bai wuce sabulun wanka ba. A ɗaura ta a jikin buhu a ƙarƙashin tamfol, ita kuma ta yi ta faɗin inda take. A waya sai ka ga taswira da wani koren ɗigo yana rarrafe a kan titi. Abdullatif yana ganinsa a Kankiya, masu sito suna gani a Ikko, Bameziken yana gani a ɗakinsa, duk a lokaci guda. Tana faɗin gudun mota, tana faɗin zafin da ke cikin kaya. In an rufe kwantena ta bi shi cikin teku, ka ga ɗigo shi kaɗai a tsakiyar ruwa yana tafiya. Ni kaina da aka nuna mini na jinjina. Da a zamanin Jaji aka yi ta, da ba a sha wahalar zana gada a ƙasa ba.

Alhaji Dabo ya kira Jafaru, ya rasa ta inda zai fara, sai ɗan ya fara.

"Baba Jafaru, ka yi ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Shekaru sun ja, hanya kuma ba kamar da ba. Ga kujera a ƙofar sito, ga inuwa, abin da kake samu ba za a taɓa shi ba."

"Wa zai hau kayan?"

Abdullatif ya ɗaga sabulun.

Jafaru ya karɓa, ya juya shi, ya kai hanci ya shinshina. "Wannan in direba ya tsaya zawarci, mi zai yi mashi?"

"Zai gaya mini."

"Ni da nike gaya maku, ina kuma kama kunnen direban."

"Ka huta, Jafaru," in ji Alhaji, idonsa a kan carbi. "Sharaɗin masu saye ne, yaran nan kuma sun fi mu sanin zamani."

Da kora ce da ta fi masa sauƙi, ya yi fushi ya koma gona. Wannan kujera ce, har da matashi. Mutumin da duk wata tasha daga nan zuwa Ikko ta san sunansa ya koma mai cewa sannu da zuwa, a sauka lafiya. Abin da ya fi ci masa rai, mota huɗu suka tafi ba shi, huɗun suka isa lafiya lau. Na yi takanas har Kankiya don in yi masa jaje.

"Ina gajiya, mai gadi? An ce sabulu ya gaje ka."

"Ke dai tsufa bai rage maki komai ba sai haƙora."

"An ce ba ya cin tuwo, ba ya munshari, kuma ba shi da hanci mai tare wa mutane hanya."

"Haka ne, ba shi da shi," ya ce. Na taho ina murna na ƙara kayar da shi, ashe shi wani abin yake saƙawa.

Kullum da safe Abdullatif yakan tsaya ya nuna masa ɗigon, a ganinsa faranta masa yake. Jafaru ya kau da kai kamar ba ya so, yana kuwa jefa tambaya ɗaya-ɗaya. In mota ta tsaya salla fa? Ba komai, an ba direba awa guda. In ta wuce awa? Ɗigon ya koma ja, waya ta yi ƙara a Kankiya, ta yi a Ikko, ta yi a Meziko. Jafaru ya ce to madalla, ya ci gaba da korar ƙuda.

Ana sauran kwana tara Babbar Salla, damina ta fara sauka, aka yi lodin mota ta biyar. Tirela ce cike da zoɓo, jirgin da zai ɗauki kayan kuma an sa masa ranar tashi. Direban Labaran ne, wanda a hannun Jaji ya koyi tuƙi, da sauran darussa. Jafaru ya bar kujerarsa ya sami Abdullatif.

"Ɗan Alhaji, kada a saki motar nan ba mutum a sama. Dubi watan da muke ciki."

Wanda bai zauna bakin titi ba sai an yi masa bayani. In Layya ta matso, duk motar da ta nufi kudu sai an ɗora mata raguna a sama. Masu raguna suna tsaye a kowace mararraba. Direba ya tsaya 'yan mintoci, a kora ashirin ko talatin kan tamfol, a kewaye da itace, abin da aka ba shi na aljihunsa ne. Ba a kiransa sata, ɗori ake cewa, kuma kowa ya sani. In masara ce a ƙasa, a shanya ta wuce wurin. Zoɓo kuwa yana shan wari kamar soso, kuma sha za a yi. Rago talatin, kwana uku a hanya, kowanne yana sakin abin da Allah ya hore masa, tamfol ɗin kuma duk faci. In ya isa Ikko a haka ba buhunan sama kaɗai za a ƙi ba, motar gaba ɗaya za a maido.

"Na san da wannan, Baba," in ji Abdullatif. "Labaran ya sa hannu a takarda, ba zai ɗora komai ba."

"Hannun da ya sa a takardar, da shi zai kama ƙaho."

"In ya tsaya ai zan gani."

"Za ka ga ya tsaya salla."

Abdullatif ya yi murmushin nan da ake yi wa tsofaffi, ya ce masa ya koma inuwa, rana ta yi.

Daga nan abin a gabana aka yi shi. Ana kiran Azahar Labaran ya iso Gidan Mutum Ɗaya, ya tsaya a bayan rumfata, wato a Jebba, gindin motar yana kallon tukwanena. Ya yi alwala ya yi salla, ba zan ci haƙƙinsa ba. Kafin ya sallame an jingina katako, raguna na hawa. Ashirin da takwas na ƙirga, an kuma shayar da su sun yi tif saboda doguwar tafiya. Shi kuma ya zauna ya ci malmala biyu da miyar kuɓewa, hankali kwance.

Yana wanke hannu sai ga ɗan acaɓa ya sauke Jafaru, da butarsa da buzunsa a hammata. Ya dubi sama, ragunan suka dube shi. Ya ciro 'yar wayarsa mai tocila, wadda ba ta san hoto ba, ya kira Abdullatif. Ina jin komai, don Jafaru in zai yi waya duk mararraba sai ta ji.

"Ga raguna a kan zoɓon ubanka."

"Baba, ina ganin motar, kore ne. Yanzu na yi magana da Labaran, salla ya tsaya. Don Allah ka koma sito." Ya kashe.

Jafaru bai sake kira ba. Ya zaga gaban motar, ya shimfiɗa buzunsa daf da tayar gaba, ya aje buta, ya zauna, ya jawo carbi.

Labaran ya zo yana goge baki. "Baba, mi ke nan?"

"Hutawa nike. An ce in huta."

"A gaban taya?"

"Nan inuwar ta fi sanyi."

Labaran ya dubi baya ko zai iya ja da motar. Na ce masa duk wanda ya taɓa mini murhu sai ya aure ni, ya riƙe ni har mutuwa. Ya fasa. Ya dawo ya durƙusa ya yi roƙo, ya ce kowa ma yana yi, ya ce Salla ta zo yara ba kaya. Ya raɗa masa cewa a cikin ragunan akwai guda da zai iya ɓacewa a Tafashiya. Jafaru ya ce shi bai taɓa layya da ragon da ya yi fitsari a kan amana ba. Masu ragunan suka taso za su ɗauke shi cak, sai dai wa zai fara sa hannu a kan mai farin gemu yana jan carbi a gaban jama'a? Kowa ya tsaya jiran ɗan'uwansa. Labaran ya hau ya tada inji, ya danna oda har awakin unguwa suka watse. Jafaru ya juya masa kunnen hagu.

Can ya ɗago. "Mairama, ƙarfe nawa?"

"Jirgi kake jira?"

"Ni ba ni da lambar Bameziken nan. Amma na san yadda ake kiransa."

Sai a nan na gane. Tsohon nan ba motar ya tare ba, ɗigon ya tare. Na zuba masa ruwa a buta, na riƙa gaya masa lokaci ba sai ya tambaya ba.

Awa na cika wayar Labaran ta ɗauki ƙara. Abdullatif ne, muryarsa ta sauya. Ɗigo ya yi ja, Ikko sun kira, ga shi nan tafe shi da Alhaji. Labaran ya san nisan Kankiya sarai. Ban taɓa ganin raguna sun sauka da sauri irin na ranar ba. Aka loda su a wata motar itace da ta tsaya shan mai, ta yi gaba da su. Aka share kashin tas, aka aro sabon tamfol aka lulluɓe tsohon, aka mayar da igiya. Jafaru yana zaune bai motsa ba, abin da ya ce kawai, a ɗaure da kyau kada iska ta ɗauka.

Da su Alhaji suka iso, ba rago ba alamarsa. Abin da suka tarar shi ne mota a tsaye, kaya a rufe tsaf, da wani tsoho a gaban taya. Labaran ya riga kowa magana. Ya ce ya idar da salla zai tashi, Baba ya zo ya zauna, tun da aka sauke shi daga kan kaya dama an ce kansa ba daidai yake ba.

Abdullatif ya juya wajen jama'a. "Akwai wanda ya ga rago a kan motar nan?"

Mai shayi yana wanke kofi. Mai faci yana neman wani ƙarfe a ƙasa. Mutanen mararraba a jikin direbobi suke ci, ba a ganin abin da direba ya yi. Aka dube ni, na ce ni tuwo nake tuƙawa, hayaƙi ya cika mini ido. Da na ga za a kayar da shi da na buɗe baki, don ni kaɗai ke da izinin kayar da Jafaru. Amma shi ma bai so ba.

"Kada a tambayi matar nan," ya ce. "Ranar da ta ba da shaida a kaina, kaza ce ta gaji hulata."

Ba wanda ya yi dariya sai ni. Abdullatif ya karanto abin da ke wayarsa: lokacin da mota ta tashi, lokacin da ta tsaya, ba ta kauce hanya ba ko taku ɗaya, zafin kaya daidai. Ya aje ladabi gefe kaɗan.

"Baba, abu ɗaya ne ya sami kayan nan yau, kai ne."

Alhaji Dabo ya matso, ya rage murya. "Jafaru, shekara talatin da biyar. Da hassadar sabulu za mu ƙare?"

Wannan ta shige shi, na ga gemun ya motsa. Mutumin da ba a taɓa kamawa da ƙarya ba, ga shi mai gidansa na tambayarsa ko ƙarya yake. Ya miƙe, ya naɗe buzunsa a tsanake, ya taɓa igiyar.

"Wannan ba ƙullin sito ba ne. Kuma da tamfol ɗaya motar nan ta bar Kankiya."

"Hadari na gani, Alhaji," in ji Labaran, ya nuna gabas. "Na ƙara rufi don kada ruwa ya taɓa kaya." Hadarin kuwa yana nan, baƙi ƙirin, kamar shi ma an ba shi rago.

"A kwance a duba," in ji Jafaru. "In ba a sami komai ba, ku riƙe kujerarku, in koma Tafashiya, kada wanda ya ƙara gaishe ni."

Abdullatif ya ce ba za a kwance ba. Kwancewa da ɗaurewa wata awa ce, ga hadari, ga jirgi ba ya jiran kowa, ga saƙon Meziko ya shigo har biyu ana tambayar abin da ya tsayar da kaya. Ya ce an biye wa tsufa ya isa haka nan.

Abin da Jafaru ya faɗa a nan shi ya kashe gardamar, amma bari in aje shi tukuna. Ni mai tuwo ce, nama a ƙarshe nake sawa.

Alhaji dai da ya ji maganar sai da carbinsa ya faɗi don dariya, ya ce a kwance. Ana ɗaga sabon tamfol ɗin ba a ƙara neman shaida ba. Abdullatif da kansa ya hau, ya sauko da hula a kan hanci. Buhu goma sha huɗu aka fitar daga layin sama, sauran ba abin da ya same su, don ragunan ba su daɗe ba. Labaran ya ce wallahi shaiɗan ne. Aka ce a sake direba, Jafaru ya ce a bar shi, ya san tsawon kunnensa. Bayan La'asar motar ta tashi, hadarin ya bi ta Kusada bai zubo mana ko ɗigo ba, Jafaru yana sama ya harɗe a kan tamfol, ko sallama bai yi mini ba. Sun sami jirgin.

Har yau shi ke hawan kayan zoɓo. Sabulun ma yana nan, ba a kore shi ba, don gaskiya yana aikinsa. Sai dai yanzu a wuyan Jafaru yake rataye kamar laya, har a isa Ikko a sa shi a kwantena. In Jafaru ya zaga bayan kuka a Tegina, Meziko ta sani. Abdullatif kuwa, in ba shi haƙƙinsa, bai riƙe abin a rai ba. In za a yi lodi shi ke fara tambaya ko Baba ya shinshina. Kwanan baya Jafaru ya biyo ta rumfata ya ce tunda ya rama, in maido masa da hularsa. Na ce ya je ya tambayi jikokin kazar.

To ga naman. Da Abdullatif ya ƙi a kwance igiya, sai ya ɗaga wayar har gaban fuskar Jafaru, jan ɗigon yana ta ƙyaftawa.

"Baba, dubi nan. Mutumin nan yana ƙetaren teku, amma yanzu haka idonsa na kan motar nan. Yana ganin komai, a daidai lokacin da yake faruwa. Me kake da shi wanda ba shi da shi?"

Jafaru ya dubi ɗigon. Ya ɗaga kai wajen tamfol, ya ja iska a hankali da wannan abin da Allah ya ba shi.

"To tunda ya matso kusa haka, ɗan Alhaji, ce mashi ya miƙo hancinsa."